Birazil: Tambayoyi 5 na Ingilishi da ke iya buɗe wa ɗalibi ƙofar jami'a ko su rufe ta

Kowace shekara, galibi a watan Nuwamba, miliyoyin matasan ƙasar Birazil ke zama jarrabawar ENEM, wadda da sakamakonta ne ake rabon yawancin gurabun jami'o'in gwamnatin tarayya. Da ƙarfe 1 na rana agogon Brasilia ake rufe ƙofofin makarantun da ake jarrabawar, wanda ya makara ko da minti ɗaya sai baɗi. Idan ɗalibi ya buɗe takardar ranar farko, abin da zai fara cin karo da shi tambayoyi 5 ne na harshen waje, Ingilishi ko Sifaniyanci.

Tambaya 5 cikin 180 ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Sai dai a fannonin da ake rububi a kansu, kamar likitanci da aikin lauya da injiniya, ɗan maki kaɗan ne ke raba wanda ya samu gurbi da wanda zai sake zaman shekara guda a gida. Wannan ne ya sa malaman ƙasar suka daɗe suna koyar da wata hanya ta musamman ta karanta Ingilishi, wadda aka gina a kan abin da mai harshen Fotugal ya riga ya sani. Da yake harshen Fotugal da Faransanci uwa ɗaya ta haife su, wato Latinanci, akwai abubuwa da dama cikin wannan hanya da ɗan makarantar da ya yi karatu da Faransanci zai gane nan take.

Mece ce jarrabawar ENEM?

An ƙirƙiro ENEM a shekarar 1998 domin auna ilimin masu kammala sakandare, kuma hukumar INEP da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ce ke shirya ta. A 2009 aka sake mata fasali ta zama hanyar shiga jami'a. Tun daga lokacin take ɗauke da tambayoyi 180 da aka kasa gida huɗu, kowane gida 45: harsuna, ilimin zamantakewa da tarihi, kimiyya, sai lissafi. Ban da su akwai rubutun insha'i da ake bai wa maki daga 0 zuwa 1,000. Kowace tambaya na zuwa da amsoshi 5, daga A zuwa E, ɗaya ce kawai daidai. A 2010 aka shigar da harshen waje, kuma daga 2017 ake yin jarrabawar a ranakun Lahadi biyu a jere.

A 2014 waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 8. Adadin ya ragu daga baya, amma ko a 2024 ya zarce miliyan 4, a ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutane kimanin miliyan 203.

Abin da ya ba jarrabawar nauyi shi ne ƙofofin da take buɗewa. Da makin ENEM ne ɗalibi ke neman gurbi ta tsarin SISU da aka fara a 2010, inda yake zaɓen fanni biyu ta intanet, yana kallon yadda mafi ƙarancin makin da ake karɓa ke hawa da sauka kowace rana har a rufe. Da shi ne kuma ake neman tallafin ProUni na karatu a jami'o'in kuɗi, da bashin karatu na FIES. Tun 2014, lokacin da jami'ar Coimbra ta fara, jami'o'i da dama na ƙasar Fotugal na karɓar sakamakon. Dokar 2012 ta ware rabin gurabun jami'o'in tarayya ga waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati. Wasu manyan jami'o'in jihohi, kamar USP ta Sao Paulo da Unicamp ta Campinas, na da tasu jarrabawar, kuma Ingilishi na cikinta.

Ɓangaren harshen waje na ENEM ba ya neman ɗalibi ya yi magana, ko ya saurara, ko ya rubuta jimla da Ingilishi. Ana ba shi gajeren rubutu da Ingilishi, wanda zai iya kasancewa guntun labarin jarida, ko talla, ko zanen barkwanci, ko baitin waƙa, sannan a yi masa tambayar da harshen Fotugal, amsoshin ma da harshen Fotugal. Babu ƙamus, babu wayar salula. Abu ɗaya ake aunawa: shin ya fahimci abin da rubutun ke cewa, da dalilin da ya sa aka rubuta shi?

Ingilishi ko Sifaniyanci?

Tun wajen rajista ɗalibi ke zaɓen harshen da zai amsa, kuma ba a canza shi ranar jarrabawa. Ga wanda bai samu Ingilishi mai kyau a makaranta ba, Sifaniyanci ne ke jan hankali. Cikin maƙwabtan Birazil 10, 7 da Sifaniyanci suke magana, kuma harsunan biyu sun yi kama har mai ɗaya kan iya bin jaridar ɗayan ba tare da ya taɓa shiga aji ba.

Amma kamar na da tarkonta. Kalmar "exquisito" a Sifaniyanci na nufin abu mai daɗi ko mai kyau ƙwarai, alhali "esquisito" a harshen Fotugal na nufin abu baƙo, mai ban mamaki. "Oficina" a Sifaniyanci ofis ne, a Birazil kuwa garejin gyaran mota ne ko wurin sana'a. "Apellido" sunan iyali ne, "apelido" kuwa laƙabi. Masu shirya tambayoyi sun san da wannan, shi ya sa malamai da yawa ke gargaɗin cewa wanda ya zaɓi Sifaniyanci don kawai yana jin zai fi sauƙi, ba tare da ya karanta shi ba, ya sayi kifi a ruwa.

Doka ma ta karkata wajen Ingilishi. A 2005 an wajabta wa makarantun sakandare su tanadi darasin Sifaniyanci, amma dokar gyaran ilimi ta 2017 ta soke wannan, ta mai da Ingilishi tilas tun daga aji na 6. Sai dai doka daban, aji daban. Wani rahoto da British Council ta fitar a 2014 ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na ƴan Birazil masu shekara 16 zuwa sama suka ce suna da wani sani na Ingilishi. A makarantun gwamnati darasin ba ya wuce ƴan awoyi a mako, cikin azuzuwa masu cunkoso, yayin da ƴaƴan masu hali ke zuwa makarantun harsuna na kuɗi irin su Cultura Inglesa da CCAA da Wizard tun suna yara. Ga ɗan talaka, sanin dabarun karatu ne ke ɗan rage wannan tazara, kuma shi ne abin da azuzuwan share fage na kyauta, kamar na ƙungiyar Educafro mai taimaka wa baƙaƙen fata da marasa galihu, ke ƙoƙarin cikewa.

Daga ina hanyar ta samo asali?

A Birazil ana kiran wannan hanya "inglês instrumental", ma'ana Ingilishi a matsayin kayan aiki. Ta samu gindin zama ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Farfesa Maria Antonieta Celani ta jami'ar Katolika ta Sao Paulo ta jagoranci wani shiri na ƙasa baki ɗaya, da tallafin British Council, wanda ya gudana cikin shekarun 1980. Da aka zagaya jami'o'in ƙasar ana tambayar me ɗalibai ke bukatar Ingilishi dominsa, amsar da ta fi yawa ita ce karanta littattafai da mujallun fanninsu. Kaɗan ne ke da damar fita waje ko haɗuwa da Bature, amma kusan kowa na da takardar da dole ya karanta.

Daga nan shirin ya ɗauki matakin da a lokacin ake wa kallon saɓa ƙa'ida. Malami na iya yin bayani da harshen Fotugal a cikin aji. Ba a jira ɗalibi ya haddace nahawu kafin a ba shi rubutu na gaske. Tun ranar farko ake ajiye masa shafin jarida, a ce ya nuna abin da ya gane, ba abin da ya gagare shi ba. A 1998 jagorar manhajar karatu ta ƙasa ta bi sahu, ta fifita karatu a kan sauran fannonin harshen waje. Tambayoyin ENEM na yau ƴaƴan wannan tunani ne.

Kalmomin da ke ƴan uwan juna

Jarin farko na mai harshen Fotugal shi ne kalmomin da ya sani tun kafin ya fara koyo. Ingilishi dangin Jamusanci ne, amma bayan da Normandawa masu Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwarara cikinsa, har yau fiye da rabin kalmomin ƙamusunsa daga can suka fito. Kuma a rubutun ilimi da na jarida ne suka fi yawa. A shekarar 2000 wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta fitar da jerin rukunan kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan jami'a, kuma sama da kashi 80 cikin 100 nasu asalinsu Latin ne ko Girkanci.

Sakamakon wannan abu ne da ke ba mutane mamaki: ga ɗan Birazil, sharhin jarida kan tattalin arziki ya fi hirar yara biyu a titin Landan sauƙin fahimta. Sharhin cike yake da kalmomi irin "economy" da "population" da "government", hirar kuwa da gajerun kalmomin asali take tafiya.

Ana koya wa ɗalibi ya lura da wutsiyar kalma. Abin da ya ƙare da "tion" a Ingilishi yakan ƙare da "ção" a harshen Fotugal, kamar "education" da "educação". Abin da ya ƙare da "ty" yakan zama "dade", kamar "university" da "universidade", wanda Faransanci ke cewa "université". "Ly" kuma daidai yake da "mente" na Fotugal da "ment" na Faransanci. Haka ma kan kalma: "un" da "dis" da "mis" na juya ma'ana ko su ɓata ta, "less" a ƙarshe na nufin rashi, "ful" na nufin cika. Wanda ya san "care" da waɗannan ƙa'idoji ya samu "careful" da "careless" da "carelessly" a kyauta.

Sai kuma kalmomin yaudara, waɗanda masu Faransanci ke kira "faux amis". Ba su da yawa idan aka kwatanta da na gaskiya, amma suna faɗowa daidai inda ake tambaya. "Actually" na nufin "a gaskiya", alhali ɗalibi na ganin "atualmente", wato "a halin yanzu", kamar yadda mai Faransanci ke ganin "actuellement". "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba, wanda shi ne "livraria" ko "librairie". "Eventually" na nufin "daga ƙarshe", ba "mai yiwuwa" ba. "Pretend" yin kamar ne, wato riya, alhali "pretender" a Birazil niyya ce. "Parents" uwa da uba ne kawai, "parentes" kuwa dangi. "Fabric" yadi ne, "fábrica" masana'anta. Wadda aka fi yin raha da ita ita ce "push", ma'ana tura, wadda ke kama da "puxe" ta Fotugal, ma'ana jawo, har ɗan Birazil kan tsaya gaban ƙofa a ƙasar waje yana ja alhali turawa aka ce.

Shawarar malamai a nan ita ce a amince da kamannin kalma, amma a gwada ta da sauran jimlar. Idan ma'anar da aka zata ta sa jimlar ta zama shirme, to akwai yiwuwar an taka ta yaudara.

Inda tsarin jimla ke juyewa

Matsala ta biyu ba ta kalma ba ce, ta jeri ce. Harshen Fotugal, kamar Faransanci da Hausa, na fara faɗin abin da ake magana a kansa, sannan ya biyo da bayaninsa. Bahaushe zai ce "rahoton sauyin yanayi", rahoton ne a gaba. Ingilishi na cewa "climate change report", rahoton ne a ƙarshe. Don haka ake koya wa ɗalibi, idan ya ga sunaye sun jeru, ya fara daga na ƙarshe ya dawo baya. Bambancin ba ƙarami ba ne: "horse race" sukuwar doki ce, "race horse" dokin sukuwa ne. Kalmomi iri ɗaya, ɗaya wasa ne, ɗaya dabba.

Akwai kuma aikatau masu rakiyar ƙaramar kalma, waɗanda ba a cika samun irinsu a harsunan Latin ba. Ɗalibi ya san "give" bayarwa ce, "up" sama ne, amma "give up" saduda ce. "Look" dubawa ne, "look after" kulawa ce, "look for" nema ne. Waɗannan babu dabarar da ke fitar da su, sai yawan haɗuwa da su a rubutu. Wutsiyar "ing" ma kan ruɗar, domin a makaranta an saba cewa tana nuna aikin da ake cikin yi, alhali sau da yawa suna take ginawa ko siffa, kamar "reading" da ke nufin karatu kansa.

Mafi muhimmanci su ne ƙananan kalmomin da ke haɗa tunani. Yawancinsu ba su kama da komai a harshen Fotugal, ido kan tsallake su, amma su ne ke riƙe da akalar magana. "However" da "but" da "yet" na juya zance. "Although" da "despite" na amincewa da abu ɗaya don a kawo kishiyarsa. "Therefore" na kawo sakamako, "unless" na kafa sharaɗi. "May" da "might" na nuna yiwuwa, "must" tilas. "Hardly" ba ta da alaƙa da wahala, tana nufin "da ƙyar".

Ga jimla ɗaya da aka shirya don misali: "Although solar panels have become cheaper, many rural families still cannot afford them unless the government provides loans." Ɗan Birazil da bai taɓa shiga ajin Ingilishi ba zai tsinci "solar" da "panels" da "rural" da "families" da "government", ya gane ana maganar faifan sola da iyalan karkara da gwamnati. Ya samu batun, amma bai samu saƙon ba. Idan aka ba shi amsa mai cewa iyalan karkara sun rungumi sola saboda taimakon gwamnati, zai iya ɗauka, domin duk kalmomin da ya gane suna ciki. Wanda ya san "although" da "cannot" da "unless" kuwa zai ga akasin haka ake faɗa: ko da yake faifan sola ya yi araha, iyalai da yawa ba sa iya saye, sai fa idan gwamnati ta ba da bashi. Kalmomi uku ne suka raba amsar daidai da ta kuskure, kuma babu ɗayansu da ke da ƴar uwa a harshen Fotugal.

Irin wannan tarko shi ne ya fi yawa a jarrabawar. Amsoshin kuskure kan ɗauko kalma daga cikin rubutun su gina wata magana da ita, ko su faɗi abin da gaskiya ne a duniya amma marubucin bai faɗa ba, ko su mai da "wasu" ya zama "duka", "mai yiwuwa" ya zama "tabbas".

Minti 3 ga kowace tambaya

Ranar farko ana ba da awa 5 da rabi, wato minti 330, domin tambayoyi 90 da rubutun insha'i. Idan ɗalibi ya ware awa guda ga insha'in, saura minti 270, wato minti 3 ga kowace tambaya, har da lokacin cike takardar amsa da baƙin bik. Wanda ya tsaya fassara kalma bayan kalma zai cinye lokacin tarihi da adabi.

Tsarin da aka fi koyarwa shi ne a fara da tambayar, tunda da harshen gida take, kuma sau da yawa ita kanta kan bayyana batun rubutun. Daga nan a duba kanun rubutun, da hoton da ke tare da shi, da layin ƙasa da ke nuna inda aka ɗauko shi da shekararsa. Sanin cewa rubutu talla ne, ko wasiƙar mai karatu, ko zanen barkwanci, na gaya wa mutum abin da zai nema: talla na son jan hankali, wasiƙa na ƙorafi ko yabo, zanen barkwanci na zolaya, kuma ma'anarsa kan kasance a inda hoto da magana suka saɓa. Sai a bi rubutun da sauri sau ɗaya don a kama gundarinsa, sannan a koma daidai wurin da tambayar ta nufa a karanta a tsanake.

Yadda ake lissafin maki ma na da tasiri. ENEM ba ta ƙirga amsoshin daidai kawai. Tana amfani da tsarin da ke auna wahalar kowace tambaya da kuma daidaituwar amsoshin ɗalibi. Wanda ya ci masu wuya ya faɗi masu sauƙi, tsarin na ɗaukar cewa canki-canki ya yi, sai makin da zai samu ya ragu. Mutum biyu na iya cin adadi ɗaya su fita da maki daban. Don haka sakaci da tambaya mai sauƙi ta Ingilishi ya fi tsada fiye da yadda lambarta ke nunawa. Barin gurbi babu amsa kuwa daidai yake da faɗuwa, shi ya sa ake cewa ko ba a sani ba a zaɓi ɗaya.

Inda dabara ke tsayawa

Masana koyon harshe sun auna iyakar cankar ma'ana. A 1989 Batia Laufer ta nuna cewa mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 95 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi daidai gwargwado, wato kalma ɗaya baƙuwa cikin 20. A 2000 binciken Marcella Hu da Paul Nation ya ɗaga ma'aunin zuwa kashi 98 ga mai karatu ba tare da taimako ba, wato ɗaya cikin 50. Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa kaiwa wannan matsayi a jaridu da littattafan labari na bukatar rukunan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ma'ana, idan kalmomin da ba a sani ba suka yi yawa, babu abin da za a jingina a kansa a canki sauran. Kalmomin Latin na ɗaga ɗan Birazil sama da inda ɗan China ko Balarabe zai fara, amma ba sa kai shi ƙarshen tsani. Kalmomi 2,000 na farko da aka fi amfani da su, waɗanda yawancin na gaba-gabansu asalin Ingilishi ne, dole a koye su, kuma hanyar da aka fi yarda da ita ita ce karanta gajerun rubuce-rubuce kullum, tare da bin tambayoyin shekarun baya da INEP ke ajiyewa kyauta a shafinta.

Akwai kuma masu sukar tsarin baki ɗaya, suna cewa jarrabawar da ba ta auna magana da sauraro na sa makarantu su yi watsi da su. Birazil ta ga illar haka a fili. A 2011 gwamnati ta ƙaddamar da shirin tura ɗalibai kimanin 100,000 karatu a waje, mai suna Ciência sem Fronteiras. Da yawa sun kasa cin jarrabawar Ingilishi da jami'o'in Amurka da Ingila ke nema, sai suka yi tururuwa zuwa Fotugal inda ba a bukatar sabon harshe. A ƙarshen 2012 aka buɗe wani shiri na gaggawa don koyar da Ingilishi a jami'o'i, kuma a 2013 aka dakatar da tura ɗalibai Fotugal. Sabuwar manhajar ƙasa ta 2017 ta mayar da magana da sauraro cikin abin da ake koyarwa, amma jarrabawar ENEM har yanzu karatu kaɗai take aunawa.

Abin da ya shafi ɗaliban Nijar

Ɗan makarantar Nijar na fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, ya ci gaba da shi har zuwa BEPC da BAC. Idan ya shiga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, musamman a fannin likitanci ko noma ko kimiyya, zai tarar sabbin binciken da yake bukata don rubuta kundinsa yawanci da Ingilishi aka wallafa su. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, abin da ke ƙara wa Ingilishi daraja a ofisoshi da neman aiki.

Jarin da ɗan Birazil ke da shi, mai Faransanci na da irinsa, har ma da ƙari, tunda ta Faransanci ne kalmomin Latin da yawa suka shiga Ingilishi. "Nation" da "information" da "important" da "possible" ko harafi ɗaya ba su canza ba tsakanin harsunan biyu. Bahaushen Maraɗi ko Birnin Ƙonni ko Magarya na da wani jarin na biyu da ɗan Sao Paulo ba shi da shi: kalmomin Ingilishi na yau da kullum da suka shigo Hausa ta Najeriya, kamar mota da tebur da bokiti da asibiti, da kunnen da ya saba jin harshen a kasuwa da rediyo da finafinai.

Tarkunan ma iri ɗaya ne. Mai Faransanci na faɗawa cikin "actually" da "library" da "eventually" kamar yadda ɗan Birazil ke faɗawa, yana karanta jerin sunaye daga gaba alhali daga baya ake farawa, yana kuma tsallake "although" da "unless" don ƙanana ne. Malamin da ke da ɗalibai 80 a aji ba zai iya sa kowa ya yi magana cikin awa guda ba, amma zai iya raba musu shafi ɗaya, ya sa su ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka yi kama da Faransanci, su zagaye kalmomin haɗi, sannan su faɗi da Hausa ko da Faransanci abin da marubucin ke son cewa. Wannan darasi ba ya bukatar lantarki ko kwamfuta, kuma da irinsa ne malaman Birazil suka fara sama da shekara 40 da suka wuce.